Yadda muke riƙe sanin gini a Malta

Malam, bayan maganar yaronka da ke koyon gini, ka tambaya ko mu Hausawan da ke aikin gini a Malta, ƙasar tsibiri a kudu da Italiya, muna da Sarkin Magina irin na Zariya, wanda ake kai wa yaro ya koyi sana'a. Ba mu da shi, yawanmu ma bai kai na naɗin sarauta ba. Akasarinmu daga Nijar da Gana da arewacin Najeriya muke, ta Libiya aka biyo. Wasu da birkilancinsu suka zo, wasu a nan suka fara riƙe shebur.

Ƙasar murabba'in kilomita 316 ce kacal, ga mutane fiye da rabin miliyan, saboda haka fili ya yi wuya. Sai a rushe gida mai hawa biyu a dasa mai shida a gurbinsa, bango manne da bangon maƙwabci. Dutsensu na gini, franka, laushi gare shi, da zarto ake yanka shi. Tsohon magini ɗan ƙasa zai dubi dutse ya ce maka wannan zai jure iskar teku, wancan gishiri zai cinye shi. Ya san unguwar da in an yi haƙa ake cin karo da tsohuwar rijiya ko ramin ɓuya na Yaƙin Duniya na Biyu. Duk a kansa abin yake, ba a takarda ba, kuma 'ya'yansa ba sa sha'awar ƙura. Baƙi ne a gefensa tun safe har la'asar, mu ne muke kwasa.

Ga yadda muke yi. In sabon zuwa ya sauka, ba a barinsa ya je ya tsaya bakin titi a garin Marsa, inda ake ɗiban leburori, yana jiran duk motar da ta tsaya. Wani da ya daɗe zai ɗauke shi, ya roƙa masa gurbi wajen ubangidansa, ya nuna masa ɗaurin rodi da inda ba a taka ƙafa a kan dekin da bai bushe ba. Sauran karatun a waya yake. Kafin a zuba kankare mutum zai ɗauki hoton rodin, ya tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp da saƙon murya da Hausa: ga tazarar da injiniya ya ce, ga dalili. Hoton nan kuma shaida ne ranar da aka zo neman wanda za a ɗora wa laifi. Ranar Juma'a, in an idar da salla a masallacin garin Paola, nan ake jin wane ɗan kwangila ke biya a kan lokaci, wane ne ke hawar da mutane sama ba igiyar tsaro.

Tulun dai yana yoyo. Mutum ya gwanance, ya sami hanyar Italiya ko Jamus, ya tafi da abin da ya sani. Ƙananan kamfanonin kuma ba kasafai suke rubuta kuskuren da aka yi a wannan gini ba, sai a maimaita shi a na gaba.

Hukuma sai da aka rasa rayuka ta farka. A 2020 gidan wata mata, Miriam Pace, ya rufta da ita a garin Hamrun, ana haƙa a maƙwabta. A Disambar 2022 wani gini ya kashe Jean Paul Sofia, ɗan shekara 20, a unguwar masana'antu ta Kordin. An kafa hukumar kula da gine-gine a 2021, aka fito da dokar ba 'yan kwangila lasisi a 2023. Yanzu kafin a taɓa ƙasa sai injiniya ya rubuta yadda za a yi aikin. Na yaba, amma takardar da Turanci take, kuma ba ta cika isa hannun lebura ba. Shi ya sa duk inda muka kai uku muke neman mai karatu a cikinmu ya leƙa ta, ya fassara mana.

Yaron naka da kake cewa, in ya ƙare wajen ubangidansa, sa shi ya koyi karanta zanen gini da awo da mita. Mai wannan ba ya daɗewa a ɗaukar bulo.