Amsa: Yadda ake furta sunan Janar Buford na Gettysburg

Malam, ka tambaya ko sunan hafsan da mutum-mutuminsa ke tsaye a filin daga na Gettysburg a ƙasar Amurka, wato John Buford, "Bufod" ake kiransa ko "Bofod". Ko ɗaya ba haka ba ne. "Biyufad" ake cewa, ka haɗe "bi" da "yu" su fita a numfashi guda, ka ɗora nauyin murya a kansu, ƙarshen kuma ka sassauta shi kamar za ka haɗiye.

Ni ma da na je wurin "Bufod" na ce, sai mai yi mana jagora ya gyara mini cikin mutunci. Ka lura da wani abu guda: kada ka rikita shi da Beaufort, sunan wasu garuruwa biyu a Amurka, domin wannan a Karolina ta Kudu "Biyufat" ne, a ta Arewa kuwa "Bofat". Buford ya cancanci a kira sunansa daidai. A yaƙin basasar Amurka, shi ne kwamandan mahaya dawakin Arewa da suka tare sojojin Kudu a safiyar 1 ga Yuli, 1863, har dakarun Janar Reynolds na ɓangarensa suka iso, kuma bai kai ƙarshen shekarar ba ciwo ya ɗauke shi a watan Disamba. In ka je bakin hanyar Chambersburg za ka gan shi na tagulla, tsaye da tabaron hangen nesa a hannu, yana fuskantar yamma inda abokan gaba suka ɓullo, ga bakunan igwa huɗu kewaye da gindinsa.