Kyamarar da za ta hau dutse ta sauko lafiya

Ka ce mai saye ya zo yana son ƙaramar kyamara, ta hawan duwatsun Ɗa'if ranar hutu, kuma ta ɗaukar iyali a gida, wacce za ka miƙa masa? To ɗana, kada ka soma da lissafin megafiksel, 12 ma sun isa a wanke hoto a rataya a bango. A ƙasar nan ta Saudiyya ƙura ce ajalin kyamara.

Ɗauko waccan, kunna ta. Ka ga bakin gilashin ya miƙo, ka kashe ya koma? Aikin zuga-zugin maƙeri yake yi, yana zuƙo iska da duk abin da ke cikinta. Ƙwayar yashi ɗaya ta faɗa haƙoran robar da ke tura shi, sai ya cije a rabin hanya. In kuwa ƙurar ta kai kan sensa, wato ɗan farantin ciki da ke kama hoton, tabo zai fito a sararin sama a kowane hoto, ba kuma ya gogewa sai an kwance ta ɗungurungum.

Saboda haka mai yawan hawa, ba shi irin OM System TG-7. Zum ɗinta, wato gilashin jawo abu kusa, a ciki yake motsi, a rufe, tana jure faɗuwa daga mita 2.1, nauyinta wajen giram 250. Amma gaya masa aibinta tun kafin ya biya: sensarta ƙarama ce, bayan Magariba hoto yakan yi tsakitsaki. Wanda ya fi ɗauka a ɗaki, Sony RX100 ta fi masa, don sensarta ta ninka waccan wajen sau huɗu a girman fili. Amma ita bakin gilashinta miƙowa yake yi, don haka sharaɗinta jaka mai zif, ba aljihun jallabiya ba, aljihu ai matattarar ƙura ce.

Zum mai ninki 30 kuwa, mutum yana haki a kan Dutsen Nur, hannu na rawa, me zai kama?

Haɗa masa da batir na biyu, yawancinsu ba sa kai hoto 400 a caji ɗaya. Ka ja masa kunne kada ya bar ta a mota da rana, akasari iyakarsu digiri 40 ne. Gilashi kuma a fara hure shi da famfon roba kafin ƙyalle ya taɓa shi, in ba haka ba yashin ne zai karce shi.