Ragewa za ka yi, ba ƙarawa ba

Malam, ka ce lasifikar masallacinku na Daura tana kuka da zarar liman ya matso makirufo, muryarsa kuma a dakushe, kana tambayar yadda za ka saita ikwalaiza, wato na'urar da ke ƙara ko rage kauri da sirantakar sauti. Ragewa za ka yi. Mayar da dukkan layukanta, wato maɓallan da kowanne ke riƙe da wani sashe na sauti, kan sifili tukuna. Yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz (Hz ma'aunin kauri da sirantakar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri), yawanci gurnanin fanka ne da bugun hannu a makirufo. Rage kamar 3 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) tsakanin 250 da 400 Hz, dakushewar za ta lafa. Sai ka ɗaga ƙara a hankali har kukan ya soma, ka gano layin da ke yin sa, ka matse faɗinsa don kada ragin ya shafi layukan kusa da shi, ka sauke shi kaɗai.

Amma kada ka tsaya kan saiti ɗaya. A masallacinmu nan Ƙofar Kaura na taɓa saitawa da hantsi, wuri wayam. Ranar Juma'a da sahu ya cika, manyan riguna suka shanye siririn sautin, huɗuba ta riƙa fitowa kamar daga cikin tulu, dattawan baya ba sa ji. Adana biyu a na'urar: na salloli biyar daban, na Juma'a daban.