Yarinyar da Aka Kawo Aikatau Daga Nijar: Wace Hukuma Ce Ke da Alhakin Kare Ta?

Tambaya: Wata mai karatu daga Katsina ta rubuto cewa a gidan maƙwabtanta akwai yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba, wadda wata dillaliya ta kawo aikatau daga wani ƙauye a jihar Maraɗi. Dillaliyar ce ke karɓar kuɗin aikin, yarinyar ba ta zuwa makaranta, kuma ana yawan dukanta. Tana son ta sani ko hukumomin Najeriya suna da hurumin shiga maganar yarinyar da ba 'yar ƙasa ba, kuma ko akwai wata yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, musamman yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS.

Amsa: Hajiya, kashin farko na tambayarki a fili yake. Muddin yarinyar tana cikin Najeriya, alhakin kare ta yana wuyan hukumomin Najeriya, ko da kuwa ba ta da takarda ko ɗaya. Najeriya da Nijar duk sun amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa kare duk yaron da ke ƙarƙashin ikonta ba tare da duba asalinsa ba. A cikin gida kuma, dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya, ke aiwatarwa, ta mai da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau laifi, hukuncinsa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, kuma laifin ya shafi wanda ya ɗauka da wanda ya kawo da wanda ya ba da hayar yaron. Dokar ba ta ware ɗan ƙasa daga baƙo ba.

Na san abin da masu gidan za su fara faɗa idan aka tunkare su, wato ai iyayenta ne suka ba da ita. Wannan hujja ba ta tsayawa a gaban doka. A ƙarƙashin yarjejeniyar Palermo ta 2000, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan fataucin mutane, wadda dokokin ƙasashen biyu suka ɗauki ma'anar fatauci daga gare ta, idan wanda aka ɗauko bai kai shekara 18 ba, ba sai an tabbatar da cewa an yi masa dole ko an yaudare shi ba. Ya isa a nuna cewa an kawo shi ne domin a ci da guminsa. Sai dai a nan ana bukatar natsuwa, domin iyakar da ta raba ƙasashen, mai tsawon kilomita kusan 1,500, ta ratsa ta tsakiyar dangi ɗaya ne, kuma yarinyar da ta baro Madarunfa ta Nijar ta zo riƙo wurin gwaggonta a Jibiya ta jihar Katsina ba fataucinta aka yi ba. Abin da ma'aikacin da ya san aikinsa zai duba shi ne wa ke karɓar kuɗi, ko yarinyar tana iya magana da iyayenta, ko tana karatu, da kuma ko aikin ya fi ƙarfinta. Bisa bayanin da kika bayar, alamomin ba su yi kama da riƙo ba.

Game da yarjejeniya kuwa, ba ƙarancinta ake fama da shi ba. A watan Yulin 2005 ƙasashe 9 na Yammacin Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar, sun sa hannu a Abijan kan haɗin gwiwar yaƙi da fataucin yara, sannan a 2006 aka ƙulla wata mafi faɗi a Abuja tsakanin ƙasashen Yammaci da na Tsakiyar Afirka. Nijar ta kafa dokarta ta hana fataucin mutane a 2010 tare da hukumar da ke aiwatar da ita, kuma a 2021 wannan hukuma da NAPTIP suka sa hannu kan takardar fahimtar juna ta kansu. Ficewar Nijar daga ECOWAS, wadda ta tabbata a watan Janairun 2025, ba ta sauke wa kowace ƙasa nauyin da ta ɗauka a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ba, kuma takardar da hukumomi biyu suka ƙulla a tsakaninsu ba a kan zama cikin ƙungiyar ta dogara ba. Abin da siyasa ke lalatawa shi ne mu'amalar yau da kullum tsakanin jami'ai. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, mutane ba su daina ƙetarawa ba, sai dai sun koma bin ɓarauniyar hanya, inda babu jami'in da zai ga yaro balle ya tambayi wanda ke riƙe da hannunsa.

Wurin da nake son ki fi mai da hankali shi ne abin da zai biyo bayan ceto yarinyar, domin a nan ne haɗin gwiwar ƙasashe ya fi yin rauni. A ra'ayina, kuskuren da hukumomi suka fi maimaitawa shi ne ɗaukar mayar da yaro gida a matsayin ƙarshen aiki. A 2003 an kwaso yaran Jamhuriyar Benin daga ramukan haƙar tsakuwa na kewayen Abeokuta aka mayar da su ƙasarsu, lamarin da ya share fagen yarjejeniyar da Najeriya da Benin suka ƙulla a 2005, amma tun da talaucin da ya fito da su yana nan, an ci gaba da ganin yaran yankin a ramukan bayan haka. Haka nan bayan da aka gano gawarwakin mutane 92 a hamadar arewacin Nijar a watan Oktoban 2013, 52 daga cikinsu yara, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, waɗanda suka mutu a kan hanyarsu ta zuwa Aljeriya, Nijar da Aljeriya sun shirya dawo da mata da yaran da ke bara a can tun daga ƙarshen 2014, amma tafiyar ba ta tsaya ba. Ko a cikin Najeriya an ga irin wannan a 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci suna aika wa juna, har aka samu masu ɗauke da cutar a cikin waɗanda aka sauke. Idan jihohin ƙasa ɗaya, masu harshen aiki ɗaya, suka kasa miƙa yaro hannu da hannu, ba abin mamaki ba ne a ga an kasa tsakanin ofishin da ke rubutu da Ingilishi da wanda ke rubutu da Faransanci, duk da cewa jami'an biyu idan suka haɗu a bakin iyaka a Ɗan Isa ko Kwangwalam da Hausa za su gaisa.

Yadda ya kamata aikin ya gudana shi ne, a fara ɗauke yarinyar daga gidan a kai ta wurin da za ta samu kwanciyar hankali da magani, sannan wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta saurare ta cikin harshenta. Bayan haka a sanar da ɓangaren Nijar, ta hannun takwarar NAPTIP ta can ko ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano, domin a nemo iyayenta a kuma duba halin da gidan yake ciki tun kafin a motsa da ita. Wannan binciken ba na cika takarda ba ne, domin idan wanda ya ba da ita ya riga ya ci kuɗin shekara, ko dillaliyar 'yar uwar gidan ce, mayar da ita ba tare da wani shiri ba tamkar miƙa ta ne ga tafiya ta biyu. A irin wannan hali alƙalin yara a Nijar na iya ba da ita ga wani dangi da aka aminta da shi. Miƙawar kanta dole ta kasance daga jami'i zuwa jami'i a rubuce, kuma wani ya riƙa leƙa ta watanni bayan ta koma. Babban abin da ke jinkirta wannan duka shi ne rashin takardar haihuwa, wanda ya yi yawa a karkarar ɓangarorin biyu, domin idan babu ita, tabbatar da shekarun yarinya a gaban kotu yana wahala, alhali shekarun ne ginshiƙin tuhumar.

Ke kuma, Hajiya, kada ki tunkari masu gidan ko dillaliyar da kanki, domin abin da aka saba gani shi ne a wayi gari an sauya wa yarinyar gida ko gari. Ki kai rahoto ga NAPTIP, wadda ke da ofisoshin shiyya a Kano da Sakkwato, ko ga ma'aikatar harkokin mata ta jiha, ko ofishin 'yan sanda mafi kusa idan dukan ya kai ga rauni, kuma ki nemi a sakaya sunanki. Idan kina samun damar magana da yarinyar ba tare da jawo mata wani dukan ba, ki riƙe sunan ƙauyensu, da sunan mahaifinta, da na mai garinsu, da ranar da kasuwarsu ke ci, domin da waɗannan bayanai ne ake gano gida a karkarar Maraɗi, kuma ki ba da su tun a rahoton farko.