Bobuwa ce ko ƙudan tsando ke cizon shanuna a Kara?

Tambaya: Ina sayar da shanu a kasuwar Kara, gefen Berger, a mashigar Legas. Tun shigowar damina wani ƙaton ƙuda ya addabi dabbobina, inda ya ciza sai jini ya tsiyaya. Yara na cewa ƙudan tsando ne. Haka ne? Kuma yana kawo sammore?

Amsa: Alhaji, yadda ka kwatanta, bobuwa ce. Ka duba ta idan ta sauka. Ƙudan tsando yana ɗora fiffike ɗaya kan ɗaya kamar rufaffen almakashi, bakinsa a miƙe gaba, tsawonsa bai cika wuce milimita 14 ba. Bobuwa kuwa kakkaura ce, fikafikanta a ɗan buɗe, idanunta sun kusa cinye kan, sau da yawa da ƙyallin kore. Manyanta kan kai santimita 2 zuwa 2.5. Akwai ƙananan, masu dabbare-dabbaren fiffike, wajen santimita 1, waɗanda ke sauka ba a ji ƙararsu ba.

Macen bobuwa ce kaɗai ke cizo, don sai da jini ƙwanta ke nuna. Namiji ruwan fure yake sha. Ba huda fata take yi ba, yanka ta take yi ta lashe jinin, shi ya sa wurin ke ci gaba da zuba. Da rana take farauta, kuma da ido, ta fi bin dabba mai duhun gashi da ke motsi.

Tana saka ƙwai ɗaruruwa a dunƙule a kan ganyen da ya sunkuyo kan ruwa. Cikin kamar mako tsutsotsin su faɗa taɓo, su yi watanni a ciki. To Kara a bakin kogin Ogun take, ga fadama, ga ruwan Legas daga Afrilu zuwa Yuli da kuma wajen Oktoba. 

Batun sammore, e, tana yaɗa shi, amma ƙwayar cutar ba ta girma a cikinta kamar yadda take yi a tsando. Cizon ne da zafi, saniya ta kore ta, sai bobuwar ta faɗa kan saniyar da ke kusa da jinin ta farko a bakinta. Ƙwayar ba ta daɗewa da rai a nan, saboda haka haɗarin yana inda aka cunkusa shanu. Ware duk wadda ta rame ko dasashinta ya yi fari, likitan dabbobi ya gwada jininta.

Maganin zubawa a gadon baya, irin deltamethrin, yana ragewa, amma kada ka sa rai da yawa: bobuwa kan gama cizo kafin ya kama ta. Ɗaure dabbobi ƙarƙashin rumfa da tsakar rana, tunda ba ta son shiga duhu, a tura hayaƙi, a sassabe ciyawar bakin ruwa. Tarkon shuɗin yadi da baƙi yana kama ta sosai, in an kafa shi a fili tsakanin fadama da turke.