Ku tambayi Tanti: ado mai kama da na da, da masu sayar da tsufan ƙarya

Salamu alaikum. Tun ran da na sa hoton allon adon nan da na haɗa ma falona, wanda na liƙa ma guntayen atamfa da wuri da tsohon tambur da murfin langa, saƙo ke shigowa waya ba tsayawa. Yau zan amsa huɗu.

Maman Habsu daga Bukoki ta ce: "Tanti wace kol zan saya? An ce min ta bindiga ta fi."

Maman Habsu wanda ya gaya miki haka bai san Yamai a watan Afrilu da Mayu ba, lokacin da zafi ke kai 45. Kol ta bindiga, wato gam ɗin da ake narkawa da zafi, laushi take a ɗaki mai rufin kwano, ki wayi gari wurinki ya zubo ƙasa. Takarda da zane da katako, ki sayi farar kol ta kafintoci. Ƙarfe da wuri kuwa ɗaure su ake da siririyar waya ko a ɗinke. Kar ki dama fulawa don sauƙi, gara da kyankyaso kike kira. In kin gama ki shafa barni, ruwan nan mai sa katako sheƙi, a sama, in ba haka ba ƙurar hunturu ta shiga zanen ba ta fita.

Wani matashi daga Lazare ya ce zai yi odar tsoffin makullai da haƙoran agogo daga Sin ta intanet, da kuɗin kawowa jika 20, wai ya yi tsada?

Haba ɗana. Kana Yamai, kasuwar Katako na nan, kake neman tsohon makulli daga Sin? Ka tafi wajen masu tsoffin ƙarafa ka tsuguna ka tona, ka riƙe jika ɗaya a hannu, sauran ka bar su gida.

Wata amarya daga Wadata ta ce: "Na ga ƙwarya mai zane da tsabar azurfa wajen wani mai kayan gargajiya, ya ce ƙwaryar ta fi shekara 100, tsabar kuma an rubuta 1780 a jikinta. Duka jika 60. In saya in sa a jikin allona?"

Amarya ki zauna, wannan ita ce maganar da ke ci min rai. Tsabar nan liyari ce, mai hoton Mariya Tereza sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ta rasu, tun daga nan duk wadda aka buga 1780 ake sa mata, ko an buga ta bayan shekara ɗari ko ɗari biyu. To wannan lamba ba ta gaya miki shekarunta ba ko kaɗan, kuma akwai jabu da ba azurfa ba ce ma, tagulla ce ko farin ƙarfe aka wanke. Masu cewa a gwada da maganaɗisu su sani tagulla ma ba ya kama ta. Ki kai ma maƙerin farfaru da kika yarda da shi, wanda ba abokin mai sayarwa ba, ya duba kafin dala ɗaya ta fita jakarki.

Ƙwarya kuma, ni da idona na ga yadda ake tsufar da ita, a rataye ta a madafa hayaƙi ya bugeta sati biyu, a shafa siraj na takalmi da man shanu, wani ma ya turbuɗe ta a ƙasa. Ki shinshina. Ki goga farin ƙyalle mai ɗan laima, in ya fito da baƙi ko ruwan ƙasa to fenti ne. Ƙwaryar da aka yi shekaru ana dama fura a ciki bakinta ne ke sulɓi inda hannu ke kamawa, cikinta ya cinye inda ludayi ke bi, sau da yawa ma da ɗinki inda ta tsage. Wadda ta yi duhu ko'ina daidai wa daida, aikin jiya ce.

Abin da ke ba ni haushi, mai sassaƙa ƙwaryar nan da gaske, wanda ya zauna da wuƙa da wuta ya yi zanen, kuɗi kaɗan ya samu, ɗan tsakiya ya shafa siraj ya ninka goma. In sabuwa kike so ki je ƙauyen masu sana'ar hannu nan Wadata kusa da ke, ko wajen masu aiki a gidan tarihi na Bubu Hama, ki saya da sunan sabuwa a farashin sabuwa. In kamar tsufa kike so ke ma kin iya: takarda ki tsoma a shayi mai ƙarfi da ya huce ki shanya a inuwa, katako ki yi mishi fenti kala biyu ki goge gefuna da sanfefa. Amma tsohuwar ƙofa ko akwatin ƙarfe mai fentin da, kar a goge a ɗaki kusa da yara, wani fentin akwai darma ciki. Kuma amarya, jika 60 a watan farko na aure, buhun shinkafa nawa ke nan? Ki yi lissafi.

Ta ƙarshe daga Tawa, ba ta sa suna ba: "Kakata ta rasu ta bar min zanen saƙi da hotonta guda ɗaya da wasu takardun ajami. Ina son in yi ado da su don in riƙa ganinta amma ina tsoron in ɓata."

Allah ya jiƙanta ɗiyata, ya sa ta huta. Tsoron nan naki daidai ne, kar ki sa almakashi ko kol a ko ɗaya. Hoton ki kai a yi miki kwafi a studiyo, kwafin za ki liƙa, na ainihi ki adana a ambulan cikin akwati inda rana ba ta kai. Zanen ki naɗe shi ki ɗinka da zare sama-sama a kan wani ƙyalle, yadda duk ran da kike so za ki warware. Takardun ajami kuwa ki fara kai ma malami ya karanta miki, in akwai aya ko sunan Allah ba a liƙa su ba a shafa musu barni, in wasiƙa ce ko lissafin gona ki yi fotokofi. Tawa gari ne na dukawa, ki sa su zagaye miki allon da jar fata. In kin gama ki turo min hoto, ina jira.