Amsa: Canja sifar farashi a XML da Scala

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka canja sifar farashi (wato attribute) a cikin kowane `<kaya>` ba tare da ka sake rubuta fayil ɗin da hannu ba. Abin da ya hana lambarka aiki shi ne, a Scala ba a taɓa `Elem` (wato guntun XML) bayan an gina shi. Sabo ake ƙerawa, tsohon ya zauna yadda yake. Alamar `%` ce ke wannan aikin:

```
import scala.xml._
import scala.xml.transform._

val doka = new RewriteRule {
  override def transform(n: Node): Seq[Node] = n match {
    case e: Elem if e.label == "kaya" =>
      e % new UnprefixedAttribute("farashi", "500", Null)
    case saura => saura
  }
}
val sabo = new RuleTransformer(doka).transform(tsoho)
```

`RuleTransformer` zai bi bishiyar `tsoho`, wato XML ɗinka na asali, har ƙasa, ya shiga kowane reshe. Don Allah ka riƙe `sabo`, nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: su kira aikin, su buga `tsoho`, su ce bai yi ba.

Ka lura kuma, idan wani `<kaya>` ba shi da farashi, `%` zai ƙara masa. In ba haka kake so ba, sa sharaɗin `e.attribute("farashi").isDefined`. Sifa mai ɗafa-goshi (prefix) irin `xml:lang` kuwa sai da `PrefixedAttribute`.

Tun Scala 2.11 aka ware scala-xml daban, saboda haka ka tabbata yana cikin `build.sbt` ɗinka, wato fayil ɗin saitin aikinka.